Ranar da Injin Ya Tashi

Shekara biyu Malama ta yi tana rubuta wa masu ba da tallafi takarda a madadin ƙungiyarsu ta sa-kai. Buƙatar ɗaya ce tal: sabon injin ban-ruwa. Tsohon da manoma talatin ke karɓa-karɓa ya mutu tun kafin kaka, kuma in rani ya shigo babu inji, tumatir da albasar kowa sun tafi ke nan. Sai ga amsa ta zo, wai za a turo jami'a ta gani da idonta.

Abin da Malama ta manta da shi shi ne mijinta. Makanike ne, kowa Injiniya yake ce masa, kuma shi ya shekara tara yana lallaɓa injin nan kyauta. Da ya ji baƙuwa na tafe, sai ya ga ai abin kunya ne a tarar da mataccen inji a hannunsa. Kwana uku yana sulalewa rumfar da injin yake da wayar ƙarfe da robar taya, bai gaya wa kowa ba.

Ran nan Malama ta shigo da jami'ar rumfar tana ta zuba bayanin yadda injin ya mutu murus. Injiniya ya ja igiya. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama ruri, ruwa ya ɓulɓulo daga tiyo. Manoman da suka taru suka dubi juna. Shi kuwa gogan naka sai washe baki yake yi.

"Amma takardarku ta ce ba ya aiki," in ji jami'ar, tana rufe littafinta.

Malama ta ji kamar ta shaƙe mijin nata. Sai kuma ta ga yatsunsa duk yanka, tausayinsa ya kama ta.

"Maigida," ta ce a hankali, "gaya mata gaskiya. Zai kai yaushe?"

Murmushin ya gushe. Ya dubi manoman ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"'Yata, ba zai kai la'asar ba. Waya ce kawai ta riƙe shi. Ni dai na kasa."

Shekara talatin suna tare, Malama ba ta taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

Jami'ar ta jawo benci ta zauna. "To, Baba, mu jira."

Ba su yi awa guda ba injin ya tofar da baƙin hayaƙi, ya yi shiru. Wata mai sayar da tumatir ta fara tafi, Malama ta watsa mata harara. Jami'ar ta buɗe littafi ta duƙufa rubutu.

Injiniya ya tsuguna yana goge injin da tsumma. Malama ta tsuguna kusa da shi.

"Ya fa yi ƙoƙari," in ji shi.

"Ya yi," ta ce. Ba injin take kallo ba.