Tsummokaran Hanyar Sidi Ishu

Tun a wajen tashi na san tseren gudun nan ba zai ƙare lafiya ba. An ce da asuba za a sake mu, amma sai da rana ta hau kan dabinai kafin mai shirya tseren, wani ɗan Kasablanka da ake kira Si Dris, ya iso da lasifika yana ba da haƙuri. Ya ce kada kowa ya wahalar da kansa da gora, akwai ruwa a kowane zango. Hanya kuwa ba mai ɓata, an ɗaura jajayen ƙyallaye a jikin itatuwa har ƙarshe.

Ƙanena Assu ya yarda da shi, ya bar gorarsa a mota. Ni na rataya tawa.

"Yaya Lahsan, in ka gaji ka kama bindin jakin wani," in ji shi. "Ba zan faɗa a gida ba."

Na ce masa wanda ya share tukunyar dafaffen naman tajin shi kaɗai jiya ya fi ni buƙatar jaki.

A zangon farko muka tarar da tebur, da farantin dabino, da wani dattijo yana korar ƙuda. Ya ce motar ruwa ta wuce gaba. A na biyu ko teburin babu. Muka raba abin da ke gorata, Assu ya sha mafi yawa, ya daina tsokana. Daga nan kuma jajayen ƙyallayen suka ƙare. Da alama yadin ne bai isa ba, aka yayyaga tsofaffin kaya aka ci gaba da ɗaurawa: shuɗi, kore, fari, duk abin da ya zo hannu.

Shi ya sa da muka iso inda hanya ta rabu biyu a bakin kwari, ba wanda ya tsaya. Ta dama babu komai. Ta hagu kuwa kowace ƙaya da tsummanta. Mutum biyu da ke gabanmu suka karya hagu, muka bi su.

Hawa ne, duwatsu suna ta dawo mana da zafi a fuska. Can na lura rigar Assu ta bushe ƙayau. Gumi ya ɗauke masa. Na kira sunansa, ya amsa da sunan mahaifinmu da ya rasu. Sai ƙafafunsa suka harɗe, ya kife.

Na ja shi gindin wata bagaruwa. Ina ɗaga kai, tsumman da ke lilo a kaina ya taɓa min goshi. An ƙulle shi da zaren ulu, da ɗan dutsen wuya na jariri a jiki. Ba ɗan Kasablankan da zai ɗaura wannan. Tsummokaran mata ne, masu zuwa ziyarar kabarin waliyyi Sidi Ishu neman haihuwa. Mun bar hanyar tsere tun a bakin kwari.

In na koma baya, motar ruwan da ba wanda ya gani nake nema. In na yi gaba, akwai randa a ƙofar hubbaren, wadda matan ke cikawa sadaka ga matafiya. Amma ran Juma'a suke cika ta, yau kuma Lahadi.

Na goya shi. Numfashinsa a wuyana kamar bakin tanda. Ina tafe ina yi masa surutu, na ce in ya mutu a bayana sai na faɗa wa Inna cewa jaki ya hau. Bai yi dariya ba. Hannunsa ya saki kafaɗata, na damƙe shi da haɓa na ci gaba.

Da na hango farar ƙubbar hubbaren, na kuma hango mutanen nan biyu a ƙofa. Ɗaya ya karkato randar, ɗayan ya sunkuya, ana kwarara masa ruwa a ka. Ƙasa tana shanyewa.

Ban san ina da sauran murya ba sai da na ji ta.

"Kai, bawan Allah, ajiye randar nan!"

Mai riƙe da ita ya fara cewa su suka riga zuwa, sai idonsa ya sauka kan fuskar Assu. Ya miƙar da randar a hankali, ya ja baya.

Na leƙa. Abin da ya rage bai kai cikin moɗa biyu ba, da laka a ƙasa. Na tace da bakin rigata, na riƙa ɗiga masa a leɓe. Na farko ya gangaro ta gefen baki. Na biyu ma. Mutumin da aka jiƙa wa kai ya tuɓe rigarsa, ya matse ta a wuyan Assu, yana salati ƙasa-ƙasa. A na uku maƙogwaron ya motsa.

Da ya buɗe ido, ya dubi ƙubbar, ya dube ni.

"Yaya, mun zo na nawa?"

Na ce masa a hanyar nan dai shi ne na uku.

Ɗayan mutumin ya gangara neman taimako. Da la'asar ya dawo da mai jaki da salkar ruwa. Kafin mu ɗora Assu, na juye rabin salkar a randa, na ɓalle lambar tseren daga ƙirjinsa, na ɗaura ta a bagaruwar da ke ƙofa tare da tsummokaran matan.