Rigar da Baffa Ya Gani a Waya

Tela yana tsaka da ɗinkin wuyan wata riga sai ga Baffa, ƙanen mahaifinsa, ya shigo shago da ƙunshi a hammata. Ya ture ƙyallayen da ke kan benci ya zauna, sannan ya warware saƙi fari mai ratsin shuɗi, aikin hannu, mai kauri.

"Babbar riga za a yi, Baffa?"

"Wace babbar riga, sai ka ce wani tsoho?" Ya zaro waya ya nuna masa hoton wani saurayi siriri kamar sillen kara, sanye da riga mai kama jiki iya cinya. "Wannan nake so."

Tela ya dubi hoton, ya dubi tumbin Baffa, ya sosa ƙeya.

"Ai saƙi ba ya miƙewa, Baffa. Irin wannan ɗinkin kuwa..."

"Kai za ka koya mini sa tufa? Ina sa riga tun ubanka bai yi aure ba!"

Da aka zo awo, Baffa ya zuƙe ciki ya riƙe numfashi har idanunsa suka yi ja.

"Saki cikin mana, Baffa."

"A sake yake," ya amsa da ƙyar.

Tela ya ƙara inci huɗu a ɓoye. Ashe Baffa yana leƙen takardar. Ya fizge biro, ya soke, ya rubuta nasa. Tela ya yanka saƙin a kan awon da Baffa ya rubuta. Babba ne, ba dama.

Ranar gwaji, kai ya shige lafiya. Daga nan rigar ta cije a kafaɗa, ba gaba ba baya. Baffa ya tsaya tsakiyar shago hannuwa a sama, fuska a lulluɓe, yana juyi yana ture kujeru.

"Ka kashe ni! Fitar da ni!"

"Tsaya wuri ɗaya, reza ce a hannuna!"

Zare ɗaya bayan ɗaya tela ya bi yana farke gefen rigar, gumi na ɗiga masa a ido, Baffa kuwa daga ciki yana ta faɗin ɗinkin yaran yanzu ba albarka.

Kwana biyu tela ya ajiye aikin mutane. Ya yanko ragowar saƙin ya ƙara a gefe da gefe, ya daidaita ratsin har ba mai gane an yi ƙari. Wannan karon rigar ta zauna ɗas. Baffa ya juya dama a gaban madubi, ya juya hagu, sai ya fara lalube a ƙugunsa.

"Ina aljihu?"

"Ta hoton ba ta da aljihu."

"To makullina a baki zan riƙe? Sa mini guda uku."

Tela ya karɓi rigar. Ya zauna ya taka keken da ƙarfin da sai da allura ta karye.