Jirgin Ruwa a Cikin Kwalba

Tun muna sama a jirgi, kafin mu sauka birnin Auckland, Peniasi ya ja mini kunne.

"Sakiusa, kwana huɗu ne kacal. Ka kalli duk abin da kake so, amma ka ɗinke bakin nan naka. Kada ka yaba komai a gidan yarinyar nan."

"Na ji, mai tumbi."

"Haka ka ce ranar da muka je gidan fasto, ka fito rungume da fitilarsa."

Peniasi taubashina ne, shekara hamsin muna kamun kifi tare a tsibirinmu, Kadavu. 'Yar ƙanensa Akanisi, ma'aikaciyar jinya, ita ta aiko mana da tikiti mu zo hutun Ista mu ga gari. Abin da yake tsoro kowa a wajenmu ya san shi. In baƙo ya yaba abu a gidanka, ya zama nasa, in kuma ya ƙi karɓa ya wulaƙanta ka. Masu hankali ƙasa suke kallo. Ni idona ba ya jin magana.

Juma'a da Asabar na yi ƙoƙari. A gari babu mai kyautar da komai, don haka na yaba son raina. Na hau matakalar da ke tafiya da kanta sau biyar, Peniasi yana ƙasa yana rawar sanyi yana zagina. Na ga ƙasusuwan wani tsuntsu da ya fi ni tsawo, ba shi da fiffike ko ɗaya, na tsaya ina tunanin wane laifi ya yi aka ƙwace masa. Mun hau doguwar hasumiya, na taka daɓen gilashi, motoci suna yawo ƙarƙashin silifas ɗina kamar ƙananan ƙaguwa.

Amma abin da ya cinye ni yana falon Akanisi, a kan wata kanta da ke saman talabijin. Kwalba ce a kwance, a cikinta jirgin ruwa cikakke, da igiyoyi sirara kamar gashi, da ɗan mutum tsaye a baya wanda bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Bakin kwalbar ko babban yatsana ba zai shiga ba. A aji uku na bar makaranta, ban sani ba ko a aji huɗu ake koyar da wannan. Na yi ta tunanin ko jirgin tun yana ƙarami aka saka shi ya girma a ciki.

Ranar Lahadi bayan coci mutanenmu suka cika falon. Aka ci gwaza da kifi a madarar kwakwa. Peniasi ya tashi wanke hannu. Rana ta shigo ta taga ta faɗa kan kwalbar, sai na ji wata murya tana cewa, "Kai, tunda nake ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba."

Muryata ce.

Wata tsohuwa ta ajiye cokalinta. Akanisi ta miƙe, ta sauko da kwalbar, ta goge ta da bakin zaninta a hankali, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta durƙusa a gabana.

"Kawu, taka ce."

"A'a 'yata, ni dai cewa na yi..."

"Taka ce, Kawu." Tana murmushi, amma ba ni take kallo ba.

Na tafa hannu sau uku kamar yadda ake yi a wajenmu, na karɓa. A haka Peniasi ya dawo ya same ni.

Ya ja ni bayan gida, wajen igiyar shanya.

"Ka san wanda ya yi ta?"

"A'a."

"Ilaitia, mijinta. Wata bakwai yana kwance yana yi da tsinke. Jirgin da ya yi wa aiki ne, ɗan mutumin nan shi ne. Da ya rasu danginsa sun kwashe komai, wannan kaɗai ta roƙa aka bar mata. Tsoho da kai, furfura har a kunne!"

"Bari in mayar."

"A gaban mutane goma sha biyu ka tafa. Ka mayar, a ce kyautarta ba ta isa ba?"

Litinin da safe Akanisi ta yi mana sallama ta tafi aiki. Muka shiga jirgin fito zuwa wani tudu da ake hango gari. Peniasi ya ce akwai kyau. Ni takalmana kawai na gani. Da muka koma ɗaukar kaya na tura kwalbar ƙarƙashin matashi, na ja bargo. Mantuwa ai ba ƙin karɓa ba ce. Wani maƙwabci ya kai mu filin jirgi, a hanya har na fara jin yunwa.

Muna layi na ji an kira ni. Akanisi ce, da kayan aikinta, tana haki, da tawul a naɗe a hannu.

"Kawu, ka yi mantuwa. Na leƙa gida in gyara shimfiɗa na gan ta."

Ta san ba mantuwa ba ce, na san ta sani. Na karɓa a karo na biyu. Da ƙasa za ta tsage ta haɗiye ni da na gode mata.

Sai da muka tashi sama Peniasi ya yi magana, yana kallon taga.

"Za ta zo gida da Kirsimeti. Za ta shigo gaishe ka. Ni zan zungure ta ta ce abin ya yi kyau, kai kuma ka san sauran. Kafin nan in wani ya rigaye ta ya yaba, wallahi da filafilin kwale-kwale zan fasa maka kai."

Yau wata biyar ke nan. Ni da nake kiran mutane daga hanya su zo su ga kifi mai ido ɗaya, ina da abin da ya fi komai ban mamaki a tsibirin nan, ban nuna wa kowa ba. Yana cikin akwati ƙarƙashin gado, a naɗe da tawul ɗinta. Har fasto ya tambaye ni me na gano a Auckland, na ce sanyi.

Wani lokaci in na kulle ƙofa nakan fito da ita. Har yanzu ban gane yadda jirgin ya shiga ba. Ɗan mutumin kuwa ba na iya kallonsa, sai in juya kwalbar ya fuskanci bango.