Kare a Kujerar Gaba

Ina cikin ɗaure tukunyar iskar numfashinsa a bayan mota, Baba Wiebe ya buga taga da sandarsa, ya ce in zo in ɗauki Pelle in sa shi gaba. Pelle karensa ne, shekara goma sha biyar, ƙafafun baya sun kusa mutuwa, bakinsa na wari kamar kwata. Na rungumo shi na ɗora a kujerar da ke kusa da direba. Tsohon ya lallaɓa ya zauna a bencin baya, kusa da murhu, da bututu a hanci.

"Baba, kai ne marar lafiyar. Kai ya kamata ka zauna nan."

"Jiri yake yi a baya," in ji shi. "Ja mota, Minista."

Minista yake kirana tun ranar da na zagaya unguwarmu a garin Sneek na ƙasar Holan da takarda, ina neman sa hannu a hana tsofaffin motocin dizal kwana a layi. Motarsa nake nufi, kuma ya sani: tsohuwar mota mai ɗaki, da gado da murhu a ciki, wadda in an tada ta hayaƙi ya rufe tagar kicin ɗina. Mutum tara suka sa hannu. Sauran suka ce ai an saba. Kullum an saba. An saba da hayaƙi, an saba tsoho ya kwana biyu a ƙasa ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ni na ƙwanƙwasa, shekara biyu da suka wuce, na same shi kwance a banɗaki. Tun daga nan ni ke cefane, ni ke jera magani, ni ke faɗa da asibiti a waya. Ɗansa yana Kanada, yana aiko furanni.

A shekara biyun nan ban taɓa jin sannu daga bakinsa ba. Pelle kuwa, in ya cinye abincinsa, har kirari ake yi masa.

Da likita ya ce makonni suka rage, sai ya ce yana so a kai karen bakin teku a Zeeland, inda motar nan take yada zango duk bazara tun matarsa na da rai. Bai ce a kai shi ba, karen za a kai. Ni mai yawo da keke na ɗauki hutu, na tuƙa abin da nake so a haramta.

Tafiyar awa huɗu ta ci mana yini. Duk awa sai an tsaya, in sauke Pelle, in riƙe masa ƙugu ya yi fitsari. A hanya tsohon yana ta hira ta saman kafaɗata, amma ba da ni ba. Ka ga gadar nan, ka tuna? Ga inda ka bi agwagwa ka faɗa ruwa. Burodin da na tashi da sassafe na haɗa masa, ya zare cukun ya miƙa wa karen. Na san abin kunya ne mai digiri biyu ta yi kishi da kare. Na yi.

Da muka isa zangon, ban ma kashe inji ba wata mata ta fito daga motar da ke gefen filinsa, da faranti a hannu. Aukje sunanta, ta haura saba'in, shekara talatin motarta na kwana kusa da tasa duk watan Yuli. Ta san cokali nawa na sukari yake sha.

"Maƙwabciyata," ya ce mini. Ita kuma ya ce mata, "Wannan ce direba."

Rana ta uku na dawo daga wanke kwanuka na tarar yana miƙa mata jakar maganin Pelle, da igiyarsa, da bargonsa, yana nuna mata yadda ake ɓoye ƙwaya cikin hanta. Sai a lokacin na gane abin da na tuƙo. Ta ga fuskata, ta ce bari ta duba ruwan zafi.

"Ita za ka bar wa shi?"

"Ta san shi tun yana ɗan kwikwiyo."

"Wata ɗaya a shekara. Ni kullum nake share kashinsa."

"Kina sharewa kina tsaki. Yana ji."

"Ni ma ina da kunne, Baba. Me na taɓa ji?"

Ya daɗe yana kallona, iska na shiga hancinsa da ƙara. Ya ce, "Ke so kike ki gyara mu. Shi ba ya gyaruwa, ni ma haka. Miƙo mini hula."

Ban miƙa ba. Na nufi bakin teku, na yi awa biyu ina taka yashi ina shirya masa jawabi, tun daga ɗansa mai furanni har zuwa cukun. Da la'asar na dawo da jawabina cikakke. Yana kan kujerar naɗewa, hular a kansa, Aukje na riƙe da hannunsa, Pelle ya ɗora haɓa a kan takalminsa. Ba wanda ya rufe tukunyar iskar.

Aukje ta ce ko minti goma ba a yi ba da ya cika. Na tambaye ta ko ya ce wani abu. Ta ce ya ce kada a manta ƙwayar Pelle ta yamma.

Ni kaɗai na komo da motar.

Katin rasuwar ya iso a ambulan mai gefe ruwan toka, kamar na kowa. Ashe ya tsara shi tun kafin mu tafi. Sunan ɗansa, sunayen jikoki, sai Pelle, da hoton ɗan tafin ƙafa a gefe. Sau uku na karanta, babu ni. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, inda ake sa adireshin da za a aika wasiƙun ta'aziyya, na ga lamba goma sha bakwai, wato gidana. Gidansa sha biyar ne. Na kira masu shirya jana'izar a fusace, na ce ko lambar gida ba su iya kwafa ba. Matar ta duba takarda, ta ce ba kuskure ba ne, sau biyu ya maimaita. Wai ya ce a layin nan ni kaɗai ce in an rubuto zan amsa.

Ranar Litinin ina saukowa daga bene murfin ramin wasiƙu ya ɗaga. Wasiƙu suka zubo kan tabarmar ƙofa, farare da masu toka, wasu da kan sarkin Beljiyam. Na zauna a matakala ta biyu, da riga rabi a jiki, na tattara su a cinya. Ta farko rubutun mai rawar hannu ce, har da gashin kyanwa manne a jikin gam.