Lambar Auta

"Baba, ni ce fa. Auta."

Tsohon malamin lissafin ya dube ta daga kan gado kamar baƙuwar da ta yi ɓatan gida. "Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Tela, maƙwabcinsa, yana tsaye bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya. Yarinyar nan ta sha doguwar hanya don ta tarar da mahaifinta da rai, likita kuma ya riga ya ce a mayar da shi gida. A ce ya tafi bai gane ta ba? Haba!

Tela ya san halin mutuminsa tun suna da ƙarfinsu. Da yamma a bencin shago, mota ba ta wucewa Malam bai farfasa lambarta ba. "Wannan cika ce, tana rabuwa da huɗu da tara, ba ta da gardama." Tela ya ce, "Allah ya shirye ka, mutane na kallon mota, kai kana leƙen bayanta." Sunan mutum kan ɓace wa Malam, amma lambarsa ko kusa. Wallahi Tela yana kewar wannan surutu.

"'Yata, gaya masa lambarki," in ji Tela.

Ta faɗi ta wayarta. Leɓen tsohon ya motsa. "Tana rabuwa da biyar. Ban san mai ita ba."

Ashe bara ta canja layi. Ta kifa kai a katifa tana kuka.

Tela ya sosa ƙeya, can ya tafa hannu. "Ta jarrabawarki ta gama sakandare! Wadda ya ishe mu da ita, har masu kawo ɗinki suka riƙa ƙaurace wa shagona."

"Baffa, abin da ya daɗe haka?"

"Ke dai tuno. Ai sai da ya sa kika rera ta kamar waƙa."

Ta share ido, ta faɗa a hankali: "Dubu ɗari da huɗu, da ɗari bakwai da ashirin da tara."

Malam ya lumshe ido.

"Mara ce," ya ce. "Uku, saura biyu. Bakwai, saura biyu. Sha ɗaya, saura tara." Sai ga murmushi. "Kai, mai taurin kai! Ba ta rabuwa sai da ɗaya, sai da kanta. Wannan ta Auta ce." Ya buɗe ido, ya tsaya a fuskarta. "Ke, yaushe kika zo? Kin ci abinci?"

Tela ya juya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Kafin la'asar Malam ya cika. Tafin hannunta yana cikin nasa, yatsansa yana ta zana mata alamar rabawa a kai, har ya tsaya.