Kwaɗo a Kan Ƙwarya

Japhet tsohon sajan sigina ne. Da ya bar soja sai ya buɗe shagon kwamfuta a Zuru. A shekarar 2006 ya haɗa wata 'yar na'ura mai lura da sanyin firjin allurar rigakafi na wani asibitin ƙauye a wajen Bena. Alice, nas ɗin wurin, ta zo ɗauka, domin allurai za su iso washegari, kuma zafi ya taɓa lalata mata su ba wanda ya sani.

Na'urar kuwa ta ƙi haɗuwa.

Matsalar tana can cikin zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita. Iyakar zafin da ba a so firji ya wuce, Japhet ya kulle ta kamar rumbun iri: a duba, kada a taɓa. Amma ɗan umarnin da ke ɗebo lambar, wanda ake kira makuro, yakan ƙera ƙwaryar da zai zuba ta a ciki mai kama da rumbun sak, har da kwaɗon. Ƙwarya a kulle kuwa ba a zuba mata komai.

"Saja, cire kwaɗon rumbun kawai," in ji Lukuman, abokin sana'arsa, mutumin da duk wata hanya ke yi masa tsawo. "Wa zai sani?"

"Yaran Bena, bayan an yi musu allurar da zafi ya mayar ruwa."

"Baba, mai kabu-kabu ya gaji da jira," Alice ta ce.

"Saya masa rake, 'yata."

Ya san in ya buɗe rumbun, kuskure ɗaya zai iya canza lambar, firji ya yi zafi na'ura tana cewa lafiya lau. Sai ya zauna wa makuron. Ya gwada, ya ƙi. Aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba, ya tayar da janareta. Mai kabu-kabu ya tafi yana zagi. Can wajen la'asar ya sa makuron ya ƙera ƙwarya mai girman lambar amma ba kwaɗo, ya zuba lambar, sannan ya miƙa.

Ta haɗu. Japhet bai yi murmushi ba. Da gangan ya umarci na'urar ta canza iyakar zafin, ta ƙi. Ya damƙe ma'aunin zafin a tafin hannunsa har ya ɗumama, na'urar ta fashe da kukan gargaɗi.

"To, madalla. Da wace mota za ta tafi?" Lukuman ya tambaya.

Japhet ya turo tsohon babur ɗinsa waje. "Hau, 'yata. Riƙe ta da kyau, hanyar ba ta da mutunci."