Riƙon Ƙwarya a Ƙasar Rum

Jiya bayan azahar Malam Barau ya kishingiɗa a ofis ya yi wani mafarki. Shi ne mai riƙon ƙwaryar shugabancin makarantarmu, ya riƙe har ɗaliban da ya tarar sun yi gemu. Ba abin da yake nema a duniya illa a tabbatar masa da kujerar.

Sai ga shi a tsohuwar Rum, gaban majalisar dattawa. Dattawan bunsuraye ne, kowanne ya yafa farin mayafi yana tuƙa. Aka jefa ƙuri'a, wani lardi ya faɗo kansa. Babban bunsuru ya miƙa masa ƙwarya cike da mulki, fari tas kamar kindirmo.

"Ranka ya daɗe, na zama gwamna ke nan?" in ji Malam.

"A madadin gwamna dai. Kada ka sha, kada ka zubar."

"Shi gwamnan fa?"

"Shi ma riƙe wa jama'ar Rum yake yi."

"To ina jama'ar?"

"Suna layin burodi."

Aka haɗa shi da dogarai masu ɗauke da damin sanduna, da gatari a tsakiya. Ya zaci itacen girki aka ba shi guzuri, har ya yi godiya.

A wannan lardin, ruwa sama yake hawa. Daga gonakin talakawa yake tashi, ya je ya sauka a Rum. Mutane suka kawo kuka. Malam na son yanke hukunci, amma hannu biyu na kan ƙwarya, sai ya wakilta ma'aji. Ma'aji ya kurɓa daga ƙwaryar ya wakilta sarkin yaƙi, shi ma ya kurɓa ya wakilta jakinsa. Jakin ya saurari kowa da kunne biyu, aka ce ba a taɓa yin adali irinsa ba.

Da shekara ta zagayo ya koma Rum, kafaɗu sun sage. Tun daga ƙofar gari dogaran suka daina gaishe shi. Babban bunsuru ya leƙa ƙwarya, wayam.

"Wallahi ko lasa ban yi ba!" in ji Malam, kamar ya yi kuka.

"Mun gani, madalla. Ai mai riƙo irinka asara ce a ɓata shi da sarauta."

Ƙarar guduma ce ta tashe shi. Kafinta ne a ƙofar ofis yana kafa sabon allon suna, kuma ba sunan Malam ba ne a jiki.

"Malam, don Allah ɗan riƙe mini nan," in ji kafintan.

Ya tashi ya riƙe.